Buhu 40 da suka dawo sito a takarda kawai

Wani yaro ɗan garinmu ne ya kira ni daren Alhamis wajen ƙarfe 11, muryarsa ƙasa ƙasa sai kace wanda ke cikin masallaci, yace Yaya dan Allah in kana da lokaci akwai maganar da ta hana ni barci. Nace to faɗi mana. Wai a shagon da yake aiki a nan Jidda ya lura kuɗin da suke shiga aljihun tebur daban, wanda ake nuna wa a kwamfuta daban, kuma yanzu an fara cewa shi ma ya dinga sa hannu a takardun ƙarshen rana. Wallahi yana magana ni kuma ina ganin kaina shekarun baya, don nima na taɓa tsayawa a daidai wannan wurin, biro a hannu, gumi na keto min duk da sanyin mukayyif, wato AC. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta, tunda mu 'yan ci rani irin wannan maganar bamu cika yinta a fili ba, kowa sai ya haɗiye abinsa yace shi dai neman abinci ya kawo shi.

Lokacin ina aiki a wani mustauda, wato babban sito, na kayan abinci a kudancin Jidda, shinkafa da sukari da man girki da madarar gari, sari muke bayarwa ga masu bagala, wato ƙananan shagunan unguwa, da gidajen abinci. Bazan faɗi sunan wurin ba, kar ma wani ya tambaye ni ta inbox. Aikina shine sito, abin da ya shigo in ƙirga in rubuta, abin da ya fita in ƙirga in rubuta. Da yake na ɗan yi boko a gida kuma hannuna ya faɗa da kwamfuta sai mudir, wato manaja, ya fara jawo ni ofis ina taya muhasib, wato akanta, buga fatura, takardar ciniki kenan. Ni a lokacin murna nake, ina ganin ci gaba ne ya zo, an raba ni da zafin sito an kai ni inda ake shan shayi a zaune.

Ga wanda baya ƙasar nan bari in ɗan yi bayani don ya gane inda wasan yake. Saudiyya ta fara karɓar harajin kaya, wanda muke ce wa dariba, ranar 1 ga Janairun 2018 a kan kashi 5 cikin 100, sai a 1 ga Yulin 2020 lokacin korona aka ɗaga shi zuwa kashi 15. Ma'ana in mai bagala ya ɗauki kayan riyal 1,000 zai biya 1,150, wannan 150 ɗin ba na mai sito bane, amana ce aka bashi ya riƙe ya miƙa wa hukumar zakka da haraji da kwastam, wadda ake kira ZATCA. Daga 4 ga Disambar 2021 kuma aka wajabta fatura ta na'ura, aka daina yarda da ta rubutun hannu, rasit ɗin da ake ba mai saye ya zama da wannan tambarin QR ɗin da zaka iya haskawa da waya. Daga farkon 2023 aka fara haɗa na'urorin kamfanoni kai tsaye da hukumar rukuni rukuni, manya tukuna sannan ƙanana. To a wannan tsarin fatura in ta fita ta fita, babu gogewa. In kaya suka dawo sai dai a buga wata takarda daban ta rage kuɗin, ish'ar da'in suke ce mata.

To nan ne ɓeran ya samu rami.

Wata ranar Asabar bayan la'asar muhasib ya turo min takardu guda 3 yace sa hannu a nan da nan da nan, murtaja ne, wato kayan da aka dawo dasu. Na duba, shinkafa buhu 40 mai kilo 40, wai wani gidan abinci ya dawo da ita. Ni kuma tun safe ina bakin ƙofar sito, ko buhu ɗaya bai shigo ba, hasalima layin shinkafar nan ya kusa ƙarewa har katakon da ake jera buhuna a kai ana gani, ga tsabar shinkafa da ta zube a ƙasa tattabaru na tsattsaga a bakin ƙofa. Nace masa ustaz kayan suna ina? Ko ɗago kai bai yi ba yace suna hanya. Na sa hannu. Eh na sa, bazan yi muku ƙarya ba, ranar farko na sa hannu saboda na yarda suna hanya. Har yau shinkafar nan tana hanya.

Sai da abin ya maimaitu sau 4 a wata ɗaya sannan kaina ya ɗauki haske. Mai gidan abinci ya karɓi kayansa ya biya kuɗi a hannu harda dariba, a takarda kuma an nuna ya dawo dasu, kenan ciniki ya ragu a idon hukuma, kashi 15 ɗin ya zauna a aljihu. Su kuma buhunan da takarda tace suna sito alhali babu su, in lokacin jardi yazo, ƙidayar kayan ƙarshen shekara kenan, wa za a tambaya? Mai sito. Wa ya sa hannu cewa ya karɓa? Mai sito. A daren da na gane haka ko ful da tamis ɗin da na sayo ban iya ci ba. Don ka ga abu biyu ne a kaina, in hukuma ta zo ni abokin ɓarawo ne, in kuma mudir ya so ya rabu dani gobe sai kawai yace buhu 160 sun ɓace a hannuna ga sa hannuna nan. Ya riga ya riƙe min wuya ban sani ba.

Da na buɗe ido sai na fara ganin sauran. Akwai wani littafi mai baƙin bango a aljihun ƙasa na teburin muhasib wanda ake rubuta cinikin da ba a buga masa fatura ba sam. Sannan maganar albashin lebura, wadda ita tafi ci min rai. Ka san yanzu doka tace albashi ta banki za a biya, akwai tsarin kare albashi da ake bi ta manhajar Mudad don ma'aikatar ƙwadago ta ga an biya kowa abin da ke kwantiraginsa. To sai a tura wa mutum 1,800 a asusunsa ranar 1 ga wata, ranar 2 ga wata a kwashe su a mota a kai su na'urar sarraf, wato ATM, kowa ya ciro 500 ya miƙa wa muraƙib, wato mai kula da lebura, a hannu. A takarda kamfani tsaf tsaf, a zahiri mutumin da ke ɗaukar buhu a ka tun asuba an yanke masa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Akwai wani dattijo a cikinsu da in ya miƙa kuɗin sai ya juya baya ya share ido da gefen rawaninsa, yana zaton ba wanda ya gani.

Juma'ar da ta biyo baya na hau mota na tafi Makka wajen Kawu a Shara Mansur. Ba ƙanin mahaifiyata bane na jini, amma tun zuwana ƙasar nan shi ne uba, a nan aka haife shi, kakansa ne ya taho da ƙafa ta Chadi da Sudan ya tsallako Bahar Maliya. Bayan mun ci abinci na kwashe komai na faɗa masa. Ya daɗe yana juya kofin shayi sannan yace ɗana, ka san aya mafi tsawo a Alƙur'ani? Nace ta bashi ce Kawu, a ƙarshen Baƙara. Yace to a cikinta har marubuci an yi wa magana, an ce ya rubuta da adalci, ba mai bashi da wanda ake bi kaɗai ba, kai ne marubucin nan. Nace Kawu ai ni umarni ake bani. Yace umarni ake baka amma hannun naka ne ko na mudir? Nayi shiru. Sai kuma ya ƙara da abin da ban zata ba, yace amma kar ka kuskura ka je gobe kana huci kana wa'azi a ofis, kai baƙo ne, igamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, tana hannun mutane, ba a fafe gora ranar tafiya, ka fara gyara ƙafarka tukuna.

Wannan maganar ta gyara ƙafa ita na faɗa wa yaron nan a waya, kuma ita nafi so mutane su riƙe. Yawancinmu in muka ga irin wannan abu biyu muke yi, ko mu yi shiru mu ci gaba da sa hannu muna cewa ba ruwanmu, ko kuma zuciya ta ɗebe mu mu yi faɗa a kore mu a banza. Kafin ka buɗe baki ka shiga Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, ka tabbatar kwantiraginka yana nan a rubuce, da albashin da aka sa, da sana'ar da aka rubuta maka. Ka shiga Absher, manhajar ma'aikatar cikin gida, ka duba ranar ƙarewar igama. Ka ciro bayanan asusunka na banki na watannin baya ka ajiye. Fasfonka ya kasance a hannunka, doka bata ba kafili, wato wanda kake aiki a ƙarƙashin sunansa, damar riƙe shi ba duk da mun san ana yi. Ni a nawa lamarin a nan na ga wata matsalar, igamata lebura aka rubuta amma ina zaune ina buga fatura, aikin lissafi kuma yana cikin waɗanda ake tsaurarawa a kansu saboda tsarin ba 'yan ƙasa aiki, kenan ni kaina ba a kan daidai nake ba. In ɓera da sata daddawa ma da wari. Gara ka san warinka kafin wani ya tona maka shi.

Sannan ka daina sa hannu a kan abin da idonka bai gani ba. Ba sai ka kira kowa ɓarawo ba. Abin da nayi shine da muhasib ya sake turo takardar murtaja nace ustaz in kayan sun iso zan ƙirga in sa hannu, cikin ladabi, harda murmushi. Yace kai wai me ke damunka. Nace tsoron jardi nake, kar a zo a ce kaya sun ɓace a hannuna. Ka ga ban zarge shi da komai ba, kaina na kare, kuma gaskiya na faɗa. Na kuma canja lambar sirrin shiga kwamfuta don da sunana ake buga wasu takardun in bana nan, kowace fatura kuwa a kwamfutarmu tana ɗauke da sunan wanda ya buga ta da lokacin. Na sayi ƙaramin littafi na riyal 2 ina rubuta kwanan wata da lambar takarda da abin da aka ce in yi da amsar da na bayar, a ɗakina nake ajiye shi ba a wurin aiki ba.

Akwai abubuwan da nake roƙon 'yan uwa kar su yi, don na ga wanda yayi ya sha wuya. Kar ka kwashe takardun kamfani ko ka sace littafin nan mai baƙin bango kace hujja kake tarawa, da ƙafarka zaka kai kanka, za a bar maganar dariba a koma maganar sata da cin amana. Kar ka ɗauki bidiyo ka watsa a TikTok ko Facebook kana kiran sunan shago, dokar laifukan intanet ta ƙasar nan tana hukunta ɓata suna da ɗaurin da zai iya kai shekara 1 da tarar da zata iya kai riyal 500,000, kuma ko gaskiyarka ce sai ka sha zirga zirga. Mafi muni kuma shine ka je wa mudir da cewa ƙara min albashi ko in tona, wannan ka tashi daga shaida ka koma mai cin kuɗin rufe baki, ka shiga cikinsu dumu dumu. Har a majalisar shayi ma ka kama bakinka, mu Hausawa magana bata kwana a cikinmu, ka faɗa wa mutum ɗaya a Jidda da magariba kafin isha an ji a Madina.

In ka yanke shawarar kai ƙara, ƙofofin daban daban ne kuma mutane na ruɗa su. Maganar dariba da fatura ta ZATCA ce, suna da manhaja a waya da lamba 19993, a manhajar ma zaka iya haska QR ɗin rasit ka ga ko lambar harajin shagon ta gaske ce, lamba 15 ce tana farawa da 3 tana ƙarewa da 3. Maganar albashi da yankan haƙƙi ta ma'aikatar ƙwadago ce, 19911, ana fara zaman sulhu tukuna na kwana 21 na aiki, in ba a daidaita ba a miƙa kotun ma'aikata, kuma ka kula, in ka bar aiki ka wuce wata 12 baka nemi haƙƙinka ba zai yi wuya a saurare ka. In kuma abin tasattur ne, wato sunan ɗan ƙasa ne a takardar shago amma baƙo ne mai dukiyar yana juya ta a ɓoye, wannan ta ma'aikatar kasuwanci ce, 1900, hukuncinsa yana kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, wanda ya kai rahoto kuma ana iya bashi har kashi 30 cikin 100 na tarar da aka karɓa in dai baya cikin masu laifin. Nazaha, hukumar yaƙi da rashawa da mutane ke yawan ambata, 980, tafi shafar cin hanci da ma'aikatan gwamnati. A 2024 kuma an fitar da doka ta musamman ta kare masu kai rahoto da shaidu, a ƙarƙashin ofishin mai gabatar da ƙara, wadda ta haɗa da ɓoye sunan mutum.

Duk wannan a takarda yana da daɗin karantawa. Amma ni da nake zaune a ƙasar nan na san sito mai mutum 12 in aka zo bincike ba sai an faɗi suna ba, kowa ya san waye yake ganin takardu. Na kuma san tsoron da ke cikin kalmar hurub, mutum yana zaune a ɗakinsa a ce ya gudu daga aiki, daga nan sai tunanin gidan tsare baƙi na Shumaisi da tarhil, wato a maida mutum ƙasarsu, ya hana shi barci, ga 'ya'ya a gida ana jiran kuɗin makaranta. Gyaran da aka yi tun Maris 2021 ya sauƙaƙa, in kwantiragi ya ƙare zaka iya komawa wani kamfani ba sai kafili ya yarda ba, haka in an riƙe maka albashi wata 3 a jere, amma bai shafi 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba. Balle 'yan uwanmu da basu da igama kwata kwata, waɗanda da yawansu rushe unguwanni irin su Karantina da Sabil da Gulail ya tarwatsa su, su ina zasu kai ƙara? Wanda ke gudun ganin motar jawazat, wato jami'an shige da fice, ba zaka ce masa ya kira 19911 ba. Shi abin da ya rage masa shine ya janye hannunsa ya nemi wani wurin, kuma ni bazan ga laifinsa ba.

Wasu kuma zasu ce ai harajin ma waye yace halal ne, gwamnati ake cuta ba mutum ba. Ni ba malami bane bazan shiga wannan ba, amma a sitonmu kam ba haka abin yake ba. An karɓi kuɗin daga hannun mai bagala da sunan dariba, shi ya ɗora wa mai sayen mudu ɗaya na shinkafa, wanda ƙila shagala ce, 'yar aikin gida da ta wuni tana goge gogen gidan mutane. Kuɗinta aka karɓa da sunan wani aka cinye. Wanda yace mana duk wanda ya ha'ince mu baya cikinmu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kasuwa ya faɗe ta a gaban tarin abinci.

To ni me nayi a ƙarshe? Bayan na ƙi sa hannu sau 3 mudir ya kira ni, ya rufe ƙofa ya zuba min gahawa da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Yace kai yaron kirki ne, kowa a kasuwa haka yake yi, in ba haka ba haya da kuɗin igamar ma'aikata zasu cinye mu. Nace ranka ya daɗe ni dai abin da na ƙirga shi zan sa wa hannu, in kana so ka maida ni bakin ƙofa. Ya maida ni kuwa, washegari, aka kawo wani ya zauna a kujerar. Wata 5 nayi ina shan rana ana amsa sallamata da ƙyar, har kwantiragina ya ƙare na samu wani wurin ta Qiwa na koma. Haƙƙina na ƙarshen aiki, rabin albashin wata na kowace shekara tunda ban kai shekara 5 ba, sai da muka je zaman sulhu sannan ya fito.

Dariba ban kai rahotonta ba. Na buɗe manhajar ya fi sau 10 ina rufewa, in na tuna sa hannuna yana kan takardun farko sai gabana ya faɗi. Yanzu da na ƙara wayo ina ganin da na nemi lauya ko awa ɗaya ce na biya na nuna masa littafina, ƙila da ya nuna min yadda zan shiga a matsayin mai kai rahoto tun kafin a zo a same ni a matsayin wanda ake tuhuma. Abin da na iya yi shine kafin in tafi na zauna da leburorin nan a ɗakinsu na nuna musu kwantiraginsu a waya ɗaya bayan ɗaya, nace abin da ke nan shine albashinku a idon doka, kuma rasit ɗin na'urar sarraf na ranar 2 ga wata ku dinga ajiyewa kar ku yar. Biyu daga ciki daga baya sun kai ƙara. Dattijon nan bai kai ba, yace shi saura masa shekara 1 ya koma gida baya son fitina.

Yaron da ya kira ni ya saurara har na gama, sai yace Yaya to ni na riga na sa hannu sau biyu fa. Nace na ji, gobe Juma'a ba aiki, bayan an sauko masallaci ka same ni a Bab Makka wajen masu dabino, ka taho da wayarka da caji mu duba Qiwa ɗinka, ka kuma tsaya a maktaba, shagon littattafai, ka sayi ƙaramin littafi.